Kabeji, karas da tururin nukiliya: muhawarar da ta ɓarke a zauren unguwa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. An turo mana wata murya a zauren iyayen yara, wata mata tana ta rantse-rantse cewa kabeji da karas da dankalin turawan da ake kawowa daga Jos suna ɗauke da tururin nukiliya, wai a tsofaffin filayen kuza ake noma su, wai shi ya sa ciwon daji ya yi yawa. Ta ce har latas ɗinmu na bakin Jakara bai tsira ba. Ni dai jikina ya yi sanyi, don kusan kullum sai na haɗa wa yara salak. Masu ilimin abin, don Allah ku fitar da mu daga duhu.

Alhaji Ɗanlami 'Yankaba: Wa alaikumus salam. Hajiya, wadda ta yi muryar ta faɗi sunanta? Ta faɗi inda aka auna? Mutum ya zauna a ɗakinsa ya yi magana ta minti uku, gobe mota ta sauke kabeji a 'Yankaba a rasa mai tayawa. Kayan gwari ba sa jiran kowa, kwana biyu sun fara ruɓewa. Akwai manomin da ya ci bashin taki, akwai direba, akwai ɗan dako, akwai yaron da ke tura baro a unguwa. A ji tsoron Allah.

Injiniya Kabiru: Alhaji, ana fahimtar zafinka, amma asarar kasuwa ba ta amsa tambayar da aka yi. Akwai abin ko babu? Malam Nura, wannan fagenka ne.

Malam Nura: Salamu alaikum. Hajiya Maman Ilham, ki kwantar da hankalinki tukuna, kada ki zubar da komai. Zan ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Babu ƙasar noma a duniya da ba ta da waɗannan sinadarai. Tun da aka halicci ƙasa suna cikinta: yuraniyom, toriyom, radiyom da yake fitowa daga rikiɗewarsu, da kuma wani nau'i na potasiyom da ake kira potasiyom-40. Ba wani ne ya zuba su ba. Yuraniyom-238 yana ɗaukar kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe, toriyom-232 kuwa biliyan 14. Ana auna ƙarfinsu da bekerel, wato ƙwayar zarra guda ta fashe a cikin daƙiƙa guda. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illar tururi, UNSCEAR, a rahotonsa na 2000 ya nuna cewa kilo ɗaya na ƙasar da ba ta da wata matsala yana da kimanin bekerel 400 na potasiyom-40, da wajen 30 zuwa 35 na yuraniyom, haka radiyom, haka toriyom. Ƙasar tsakar gidanki ma kusan haka take.

Saboda haka idan aka ce an samu tururi a cikin alayyahu, ba a faɗi komai ba tukuna. A cikin ayaba guda akwai wajen bekerel 15. Jikin babban mutum mai kilo 70 yana ɗauke da sama da bekerel 4,000 na potasiyom-40, daga ni har ke har wadda ta yi muryar. Tambayar da ta kamata ita ce: wane sinadari ne, nawa ne, kuma a wace gona?

Maman Ilham: Malam, bekerel dubu huɗu a jikina? Ai ka ƙara tsorata ni.

Malam Nura: Ko kusa, Hajiya. Shi potasiyom jiki ba ya rayuwa sai da shi, da shi zuciya ke bugawa. Kuma lafiyayyen jiki yana riƙe da gwargwadon da yake buƙata ne kawai. Kamar randar da ta cika ce, duk abin da kika ƙara zubewa zai yi. Ƙoda ce ke fitar da rarar a fitsari. Ko kin ci kwandon alayyahu, adadin da ke jikinki ba zai haura ba. Shi ya sa masana ba sa damuwa da potasiyom-40 a abinci, duk da shi ne lamba mafi girma da za ki gani a takardar sakamakon awo. Yawancin masu tayar da hankalin jama'a wannan lambar suke kamawa.

Wanda ake sa wa ido shi ne radiyom. Ɗabi'arsa irin ta kalsiyom ce, sinadarin da ke gina ƙashi. Saiwar shuka tana zuƙo kalsiyom daga ƙasa, to sai radiyom ya biyo ta wannan ƙofar ya hau har ganye. Idan mutum ya ci, kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne ke shiga jini, wani ɓangare daga ciki ya zauna a ƙashi, ya daɗe a can. An gane haka ne da tsada a Amurka a shekarun 1920, lokacin da 'yan mata masu shafa fentin radiyom a fuskar agogo suke lasar bakin buroshi don ya yi tsini, ƙasusuwan muƙamuƙinsu suka lalace. Amma abin da suka haɗiya ya ninka na abinci sau dubbai masu yawa.

Yuraniyom da toriyom kuwa ba su cika tafiya a jikin shuka ba. Mafi yawansu a saiwa suke tsayawa. Toriyom ma da ƙyar yake narkewa a ruwa, yana manne da ƙwayar ƙasa. Idan aka same shi a ganyen latas, galibi ba daga cikin ganyen yake ba, ƙasa ce da ruwan ban-ruwa ya fantsama ko ƙura ta sauka a kai.

Ummi Bukur: Ni a Bukur, kusa da Jos, na tashi kafin aure ya kawo ni Kano, don haka bari in sa baki. Maganar cewa ana noman rani a bakin kududdufan kuza gaskiya ce, ba ƙage ba ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa ke haƙar kuza a can, suka tafi suka bar ramuka sun cika da ruwa. Da wannan ruwan ake ba tumatir da kabeji da karas. Kuma akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke saura bayan an wanke kuza, za ka gan shi tsibi-tsibi a bayan gidajen masu sayen kuza. Muna yara a kansa muke wasa, yana ƙyalli a rana, idan ka damƙa ka ji ya fi yashin rafi nauyi nesa ba kusa ba. Wasu har gini suke yi da shi suna shafe ɗaki. Amma kuma ba kowace gona ce ke kusa da shi ba. Dankalin Bokkos da Mangu gonaki ne shimfiɗa guda, da yawansu babu ruwansu da ramin kuza.

Malam Nura: Madalla, Anti Ummi, kin kawo mu inda maganar take. Wannan baƙin yashin yana ɗauke da ma'adinai irin su monazait da zirkon, su kuwa cike suke da toriyom da ɗan yuraniyom. A nan ne awo ke tashi daga talatin ya koma dubbai. Masu bincike daga Jami'ar Ibadan sun auna ƙasa da amfanin gona a Bisichi, wani garin kuza a yankin Jos, sun wallafa a 2007, kuma sun ga ya haura na wuraren da ba a haƙar kuza. Toriyom ɗin kansa ba ya hawa shuka sosai, amma yana haifar da radiyom-228, shi kuwa yana hawa.

Sai dai ku lura da wanda ya fi shiga haɗari. Wanda ke kwana a ɗakin da aka shafe da wannan yashi, da matan da ke sheƙar kuza suna shaƙar ƙurarta, da yaran da ke wasa a kai suna kai hannu baka, da iyalin da duk cimarsu ta shekara daga wannan gona ɗaya take fitowa. Ba mai sayen kabeji guda a Hotoro ba, wadda yau nata daga Jos yake, gobe daga Kura, jibi daga Zariya.

Injiniya Kabiru: Malam, a nan fa zan ja da kai. Kullum haka ake lallashin mu da matsakaicin lissafi. A Zamfara ma ai dutsen zinare ne kawai ake dakawa a tsakar gida, har sai da yara sama da 400 suka rasu a 2010 saboda gubar dalma a Anka da Bukkuyum kafin a farga. Ga Arlit can a Nijar, shekaru ana haƙar yuraniyom, an rufe mahaƙar Cominak a 2021 an bar tulin sharar a fili, mutanen gari suna kuka da ruwan sha. Wa ya auna abin da ke shigowa 'Yankaba? Akwai wanda ke tsayawa a bakin kasuwa da na'ura? Idan babu, da wane dalili za ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankali?

Malam Nura: Da lissafi, Injiniya, kuma kai ma'abocin lissafi ne, mu yi shi tare. Abin da jiki ya sha na tururi ana auna shi da milisibat. A matsakaici ɗan Adam yana samun 2.4 a shekara daga halitta kawai. Kusan rabinsa daga iskar radon ce, wadda radiyom ɗin cikin ƙasa ke haifarwa, da muke shaƙa a cikin ɗakuna. Abinci da ruwa duka-duka wajen 0.3 ne, kuma fiye da rabin wannan potasiyom ne da na ce ba ya ƙaruwa.

To mu ƙaddara, misali kawai nake bugawa, an kawo alayyahu mai bekerel ɗaya na radiyom-226 a kowane kilo ɗanye. Wannan ya ninka abin da aka saba gani a ganye sau ashirin. Mu ce mutum ya ci kilo 50 a shekara, kuma duk daga wannan gona. Ya haɗiyi bekerel 50. Kowane bekerel na radiyom-226 yana ba babban mutum 0.28 na maikirosibat, shi kuwa sai an tara dubu suke zama milisibat ɗaya. Jimla 14, wato milisibat 0.014. Ka ɗora shi kusa da 2.4 ka gani. Ko ka ninka shi goma saboda ƙananan yara, waɗanda ƙashinsu ke girma yana jan radiyom fiye da na manya, da kuma sauran sinadaran da ban lissafa ba, har yanzu bai kai abin da za a hana yaro cin ganye a kansa ba.

Dalmar Zamfara daban take. A can an samu ƙasar tsakar gida mai dalma ninki ɗaruruwan abin da aka yarda da shi, yara suna cin ƙurar kai-tsaye. Darasin da ke cikinta, wanda na yarda da kai ɗari bisa ɗari, shi ne a je inda ake daka dutsen a auna, kada a jira gawa.

Injiniya Kabiru: Lissafin ya zauna, amma a kan lambar da kai ka zaɓa. Idan gonar a kan tsibin yashin take fa?

Malam Nura: To wannan gonar bai kamata a noma abinci a cikinta ba, kuma zan faɗa a gaban kowa. Hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya da ke Abuja, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, aikinta ne sa ido kan irin wannan. Ga cibiyar CERT a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, tana da na'urorin awo, har ƙaramin injin nukiliya na bincike gare ta tun 2004. Kayan aiki da masana akwai su a arewa. Abin da nake so a gani shi ne taswira: wannan fili a noma, wancan a killace, a ba mai shi wani. Hana sayen duk kayan Jos ba ya kare yaron Bisichi da komai, sai ma ya talauta ubansa.

Kuma don a san ma'aunin abin: a gaɓar tekun Kerala a Indiya mutane dubbai suna zaune a kan yashin monazait kaka da kakanni. An bi lafiyarsu shekaru a yankin Karunagappally, ba a ga ciwon daji ya ƙaru a fili saboda shi ba. Duk da haka ƙa'idar masu kare jama'a ita ce a ɗauka kowane ƙari yana da ɗan haɗarinsa, a rage abin da za a iya ragewa.

Sabi'u Mai Lambu: Ranku ya daɗe, ni ina karantawa ne ina jiran a zo kan namu. Ni a Kwakwaci nake lambu, gadon mahaifina. An ce latas ɗinmu ma yana da nukiliya. Mu ina muka ga kuza?

Malam Nura: Malam Sabi'u, babu mahaƙar kuza ko yuraniyom a bakin Jakara, kuma masana'antun fata da na saƙa ba da irin waɗannan sinadarai suke aiki ba. Wadda ta yi muryar ta haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ruwan da kuke ban-ruwa da shi yana da tasa matsalar, kuma a ganina ta fi ta tururi girma nesa. Jakara tana kwaso ruwan kwatamin cikin birni da na Sabon Gari da na mayanka, Getsi tana kawo na masana'antun Bompai, su haɗu su gangara dam ɗin Wasai. Ta kudu kuma Sharaɗa da Challawa suna zuba nasu a kogin Challawa. Masu jimar zamani da kuromiyom suke aiki. An yi bincike da yawa a kan ƙarafa masu guba a ƙasa da ganyen waɗannan wurare, irin su kuromiyom da dalma da kadmiyom.

Sabi'u Mai Lambu: Wannan kam mun sani, Malam, ba sai an gaya mana ba. Akwai ranar da ruwan ke zuwa baƙi ƙirin yana kumfa, wata rana shuɗi, wata rana ja-ja. Idan ka ga haka ba ka kunna inji, sai ka jira ya wuce, don in ka sake shi a fangali da safe, kafin la'asar bakin ganyen latas ya ƙone. Ƙafafunmu ma da rani duk kaushi ne da ƙaiƙayi. Amma ina wani ruwan? Wanda ya samu hali ya haƙa 'yar rijiya a gefen fangalinsa, ruwan ya ɗan tace ta cikin yashi, ya fi na rafin haske. Ba kowa ke da kuɗin ba. Kuma abin da ke ci mana rai, ɗalibai suna zuwa da 'yan ledoji da robobi, su ɗebi ƙasa, su tsinki alayyahu, mu ba su kyauta har mu riƙe musu, su tafi. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mana ga abin da aka gani. Sai dai mu ji a rediyo ana cewa kayanmu guba ne.

Sista Binta: Wallahi Malam Sabi'u maganarka ta taɓa ni. Bari in faɗi abin da muke gani a asibiti. Wanda ya ci ɗanyen ganyen da aka shayar da ruwan kwatami ba a wanke da kyau ba, abin da ke kawo shi wajenmu taifot ne, da gudawa, da tsutsar ciki, lokacin annoba kuma kwalara. Wannan cikin kwanaki yake bayyana. Batun ciwon daji kuma, don Allah mu daina ɗora shi a kan abin da muka ji a murya. Na hanta da yawansa daga ciwon hanta nau'in B ne da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe ba. Na bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce, kuma akwai allurar rigakafinta ga 'yan mata, an fara ba da ita kyauta a Najeriya tun 2023. Mace ta hana 'yarta allurar, sannan ta hana ta cin karas don tsoron ciwon daji, ina ribar?

Maman Ilham, yara suna buƙatar ganye. Ƙarancin jini a wajen yara da masu ciki shi muke fama da shi kullum.

Maman Ilham: Na gode Sista. To wankin fa? Ni da gishiri nake jiƙawa. Yana cire tururin? Ko dafawa ce ke kashe shi?

Malam Nura: Wuta ba ta kashe shi, Hajiya, gishiri ma haka, don ba ƙwayar cuta ba ce. Amma wanki yana aiki ta wata hanyar: yana cire ƙasa da ƙura, kuma na riga na ce yawancin toriyom da yuraniyom ɗin da ke kan ganye a cikin ƙasar suke. Akwai ma wasu, dalma-210 da poloniyom-210, da ke saukowa daga iska su kwanta a kan faffaɗan ganye. Da su ne ganyen taba ya yi ƙaurin suna. To ki ɓare ganyen kabeji na waje ki yar. Latas ki rarraba shi ganye-ganye, don a gindinsa yashi ke maƙalewa, ki wanke a ruwa mai yawa, ki tsamo ganyen sama ki bar yashin a ƙasan roba, ki sake har ruwan ya fita fes. Karas da dankali a kankare ko a fere. Alayyahun da aka tafasa aka tsiyaye ruwan ma ya rage wani abu. Na cikin naman ganyen ba ya fita duka, amma shi ne ɗan kaɗan ɗin da muka lissafa.

Alhaji Ɗanlami 'Yankaba: To alhamdulillahi. Ni abin da zan ƙara, mu a kasuwa mun san daga inda kowace mota ta taso. Dillali ya san garin, wani lokaci har manomin. Idan hukuma ta zo da gaske ta ce kayan wuri kaza a dakata da su sai an auna, wallahi za mu ba da haɗin kai, don mu ma shi muke kaiwa gida. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a yi mana kuɗin goro.

Sabi'u Mai Lambu: Malam Nura, wani ya taɓa ce min takin zamani ma yana da abin. Gaskiya ne? Mu kamfa da yuriya muke sawa, wani lokaci supa, sai kashin kaji da takin bola.

Malam Nura: Akwai ƙamshin gaskiya. Yuriya babu ruwanta, daga iskar gas ake yin ta. Amma supa da ɓangaren fosfet na kamfa daga dutsen fosfet ake sarrafa su, irin wanda ake haƙa a Maroko da Togo, akwai shi ma a Sakkwato. Wannan dutse yana da yuraniyom fiye da ƙasar gona sau goma-goma, har yakan haura bekerel dubu a kilo. Sai dai ka duba yawan da kake watsawa: 'yan mudu a kan ƙasar da ta kai tan-tan. Ƙarin da yake yi a shekara kaɗan ne ƙwarai, sai an shekara da yawa ana zubawa fiye da kima kafin a ga bambanci. Kada ka bar taki saboda wannan. Ka dai sa gwargwado, kada a ajiye buhuna a ɗakin kwana, a wanke hannu kafin cin abinci.

Abin da zai amfane ka sani shi ne halin ƙasar ma yana da tasiri. Ƙasa mai tsami kuma mai yashi, wadda ba ta da kalsiyom, ita ta fi sakin radiyom ga saiwa. Mai laka da ruɓaɓɓen taki tana riƙe shi. Idan kalsiyom ya wadata, saiwa ta ƙoshi da shi, radiyom ba ya samun hanya sosai. Don haka takin gargajiya da tokar itace suna taimakawa.

Ummi Bukur: Manoman Jos ma toka suke sawa sosai, ta bolar gari da ake ƙonawa, har saye suke yi mota-mota.

Malam Nura: Haka ne, tana rage tsamin ƙasa. Illarta kawai abin da aka ƙona a ciki. Bolar da ta ƙunshi batura da tarkacen waya da gwangwanin fenti tana kawo dalma da kadmiyom. Malam Sabi'u, takin bolar nan a riƙa tsince shi kafin ya shiga fangali.

Garba Riruwai: Jama'a ana ta Jos, Jos, an manta a cikin jihar Kano ma akwai garin kuza. Ni ɗan Riruwai ne a ƙaramar hukumar Doguwa. Tsohuwar mahaƙa tana nan, kuma har gobe matasa suna shiga rami suna fito da dutse, ana dakawa ana wankewa a rafi. A gefen rafin nan kuma ana lambu, ga masara ga rake ga tumatir. Malam, mu ne ke nan a layin da ka ce?

Malam Nura: Malam Garba, duwatsunku dangin na Jos ne, masu ilimin ƙasa a rukuni ɗaya suke sa su, kuma an daɗe da sanin cewa a wani ɓangaren dutsen Riruwai akwai ma'adinin da ke ɗauke da ƙarfen niyobiyom haɗe da yuraniyom. Saboda haka idan za a fara awo a jihar nan, ni da ku zan fara, kafin Kwakwaci. Kuma kafin tumatir, ruwan rijiya zan fara aunawa, don mutum yana shan lita biyu ko fiye kullum daga rijiya ɗaya, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yuraniyom a ruwan sha maikirogiram 30 a lita, kuma saboda ƙoda ne, don yuraniyom yana cutar da ita a matsayinsa na ƙarfe tun kafin a zo batun tururinsa. Sai wurin da ake daka dutse: kada ya zama tsakar gida, kada a yi da turmin abinci, kada yara su zauna a wurin.

Injiniya Kabiru: To ka ga inda nake nufi tun farko. Ni har yanzu ban gamsu a ce a bar abin sai hukuma ta ga dama ba. Nawa ne kuɗin auna samfur? Mu a zauren nan mun fi mutum ɗari. Mu haɗa kuɗi, a ɗebo daga lambun Malam Sabi'u, da Riruwai, da kabejin Jos daga rumfar Alhaji, da na Kadawa don a kwatanta. Sakamakon kuma a kawo shi nan, a fassara wa masu gonar da Hausa, kowa ya gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Alhaji Ɗanlami 'Yankaba: Kabeji da karas a kaina, kyauta. Amma a rubuta garin da kowanne ya fito.

Sabi'u Mai Lambu: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Idan aka ga matsala, a fara gaya min kafin a sa a Facebook. Kuma a auna har da ƙarafan da Malam ya ambata, ba tururi kaɗai ba.

Malam Nura: Sharaɗinka daidai ne, kuma awon ƙarafan ma ya fi sauƙi da sauri. Zan tambayo kuɗin duka biyun in kawo muku. Amma a san ba aikin kwana biyu ba ne. Ƙasa ana ɗiba ne daga wurare biyar ko shida a gona ɗaya, zurfin taƙi guda, a gauraya a fitar da kilo ɗaya. Ganye kuwa sai an kawo kamar kilo biyar, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na alayyahu ruwa ne, in ya bushe ɗan kaɗan ke saura. A shanya, a busar a tanda, a niƙa, a tankaɗe, a ɗura a roba a like bakinta ruf yadda iska ba za ta fita ba, a ajiye kusan mako huɗu. Jiran na radon ne: sai ya taru ya daidaita da radiyom ɗin da ke haifar da shi kafin na'ura ta ba da lamba ta gaskiya. Daga nan kowace roba ta shiga cikin tukunyar dalma a kan na'ura ta yi sa'o'i tana ƙirga. Kuma idan sakamako ya zo, a duba ko lambar ta busasshen ganye ce ko ta ɗanye, don ta busasshe takan ninka kusan sau goma, mu kuwa ɗanye muke saye.

Garba Riruwai: Ruwan rijiyar fa, in kawo a jarka?

Malam Nura: A'a, kada ka ɗebo tukuna sai mun sa rana da masu awon. Na yuraniyom da radiyom zai iya jira, amma radon ɗin cikin ruwa rabinsa ke tafiya cikin kwana huɗu ba kaɗan, kuma yana tserewa in an girgiza. Sabuwar gora za ka samu, ka cika ta a hankali har ta tumbatsa, ba kumfa ba sarari a wuya, ka rufe, ka rubuta sunan unguwa da ranar da sa'ar da ka ɗiba a jiki. Ka zaɓo rijiyoyi uku: wadda ta fi kusa da inda ake wankin kuza, da ta tsakiyar gari, da burtsatsen makarantar firamare.

Garba Riruwai: An gama. Ranar Juma'a zan je gida, zan fara yi wa mai unguwa bayani don kada a ga ina ɗibar ruwa a yi wata fassara.

Injiniya Kabiru: Admin, a buɗe jerin masu ba da gudummawa. Ku sa sunana a farko.